Darasi: Ɗaya Cikin Miliyan 73

A watan Nuwamban 1999 wata kotu a garin Chester na ƙasar Ingila ta yanke wa wata mata mai suna Sally Clark hukuncin ɗaurin rai da rai, bisa tuhumar ta kashe jariranta biyu. Ita lauya ce, mijinta Stephen ma lauya ne. Ɗansu na fari, Christopher, ya rasu a watan Disambar 1996 yana da mako goma sha ɗaya a duniya, kuma likitan da ya binciki gawar ya ce cutar hanyar numfashi ce ta yi ajalinsa. Na biyu, Harry, ya rasu a watan Janairun 1998 yana da mako takwas. Rasuwar Harry ce ta sa aka koma kan ta Christopher, likitan ya sauya magana, aka gurfanar da uwar.

Babu wanda ya ga ta taɓa yaran. Likitocin da aka kira shaida sun yi ta saɓani a kan alamun da aka gani a jikin gawarwakin, wasu su ce rauni ne, wasu su ce ƙoƙarin ceto rai ko aikin binciken gawa kansa na iya barin irinsu. A Ingila ba alƙali ne kaɗai ke cewa mutum ya yi laifi a irin wannan babbar shari'a ba. Ana zaɓo mutum goma sha biyu daga cikin jama'ar gari, waɗanda ake kira juri, su saurari shaidu su yanke. Waɗannan mutane ba likitoci ba ne, kuma sun shafe makonni suna jin likitoci na musu da juna. Ana cikin haka sai wani mashahurin likitan yara, Farfesa Roy Meadow, ya miƙe ya ba su abin da kowa zai iya riƙewa a ka, wato lamba guda ɗaya. Ya ce yiwuwar jarirai biyu su yi mutuwar fuju'a a gida irin na su Clark ɗaya ce cikin miliyan 73. Ya ce tunda jarirai kusan 700,000 ake haifa a Birtaniya a shekara, sai a yi shekara ɗari kafin a ga irin wannan sau ɗaya. Ya kwatanta shi da mutum ya zaɓi dokin da ba a sa masa ran nasara a babbar sukuwar ƙasar, dokin ya ci, a kuma yi haka shekara huɗu a jere.

Goma daga cikin sha biyun suka ce ta aikata. Jaridu suka buga lambar da manyan baƙaƙe.

Lambar nan kuskure ce, kuma kuskure biyu ne a cikinta, kowanne da irin nasa. Ba sai mutum ya yi karatu mai zurfi ba kafin ya gane su. Duk wanda ya iya sau da rabawa zai iya, kuma su za mu bi a wannan darasi, don kuskuren nan biyu suna nan a asibiti, a rediyo, a kasuwa, har da cikin gidajenmu.

Inda lambar ta fito

Mutuwar fuju'a ta jarirai ita ce a kwantar da jariri lafiya lau, a dawo a tarar ya cika, a bincika kuma a rasa dalili. A lokacin, a Ingila, tana samun kusan jariri ɗaya cikin 1,300. Wani babban bincike da aka yi a ƙasar ya nuna haɗarin ya fi yawa a gidan da ake shan taba, da gidan da ba mai aikin albashi, da inda uwa ke da ƙarancin shekaru. A gidan da babu ko ɗaya cikin ukun nan, kamar na su Clark, binciken ya ba da ɗaya cikin 8,543. Abin da Meadow ya gabatar shi ne wannan lamba an ninka ta da kanta: 8,543 sau 8,543. Ku ɗauki biro ku buga. Za ku sami 72,982,849, wato kusan miliyan 73.

Yaushe ya halatta a yi irin wannan ninkin? Ku ɗauki ɗan ludon da ake jefawa, mai fuska shida. Yiwuwar shida ta fito a jifa ɗaya ita ce ɗaya cikin 6. Yiwuwar ta fito sau biyu a jere ita ce 6 sau 6, ɗaya cikin 36. Wannan lissafi daidai ne, saboda jifan farko bai da wata alaƙa da na biyu. Ɗan ludo ba ya tuna abin da ya fito ɗazu. Sharaɗin ke nan: ana ninkawa ne kawai idan abu na farko bai gaya mana komai game da na biyu ba.

To, 'ya'yan mutum ɗaya fa? Uwarsu ɗaya, ubansu ɗaya, jini ɗaya suka gada, ɗaki ɗaya suke kwana, iska ɗaya suke shaƙa, hannu ɗaya ke kwantar da su. Idan akwai wani lahani ɓoyayye a zuciya ko a numfashi da ya kashe na farko, wanda likita bai gano ba, me zai hana ƙaninsa ya zo da shi? Cewa an rasa dalilin mutuwa ba ya nufin babu dalili.

Mu a nan muna da misalin da ya fi kowane kusa da mu, wato sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a Nijeriya kusan jarirai 20 cikin kowane 1,000 ake haifa da ita, wato ɗaya cikin 50. Bari mu yi lissafi irin na Meadow. Yiwuwar gida ɗaya ya haifi masu sikila biyu a jere sai ta zama 50 sau 50, ɗaya cikin 2,500. Duk wanda ya taɓa zama a layin asibitin masu sikila, ya ga uwa riƙe da katin yara biyu, ɗaya a goye ɗaya a hannu, ya san wannan lissafi bai yi kama da gaskiya ba. Dalili kuwa a fili yake. Da zarar an haifi yaro SS, wato mai sikila, mun san uwa da uba duk suna ɗauke da S. In dukkansu AS ne, yiwuwar ciki na gaba ya zo SS ɗaya ce cikin 4. Lissafin da ya dace shi ne 50 sau 4, ɗaya cikin 200. Ninkin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba ya nuna abin ya fi wuya fiye da yadda yake har sau goma sha biyu da rabi.

Tunda mun zo nan, akwai wani kuskure da ake yi a kan wannan "ɗaya cikin huɗu" wanda ke jefa iyalai cikin wahala, kuma bai kamata mu wuce shi ba. Za ka ji ma'aurata AS da AS suna cewa tunda na fari ya zo da sikila, ukun da za su biyo baya sun tsira. Wasu kuma su ce za su tsaya a uku don kada na huɗun ya zo. Ba haka abin yake ba. Ga ma'auratan da aka riga aka san jininsu, kowane ciki sabon jifa ne: ɗaya cikin huɗu SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA. Na fari zai iya zuwa SS, na biyu ma haka. Za a iya haifar huɗu babu ko ɗaya. Ku lura da kyau yadda abu ɗaya ya ba da amsa biyu. Gidan da ba mu san jininsu ba, haihuwar farko ta ba mu labari, don haka lissafi ya sauya. Gidan da mun riga mun sani, haihuwar farko ba ta ƙara mana komai ba, don haka lissafi yana nan yadda yake. Kafin a ninka, tambayar ita ce ko abin da ya faru da farko ya ƙara mana sani.

A koma Ingila. Ray Hill, farfesan lissafi a Jami'ar Salford, ya bi alƙaluman wancan bincike ya gano cewa gidan da aka taɓa yin mutuwar fuju'a, haɗarin a sake ya ninka na sauran gidaje tsakanin sau biyar zuwa sau goma. Mu yi lissafi na kusan-kusan da wannan. Jarirai 700,000, a raba da 1,300, gidaje kusan 540 ke nan da za su yi rashi a shekara. In haɗarin ya ninka sau biyar, ya zama ɗaya cikin 260. In sau goma ne, ɗaya cikin 130. Da dukkan gidajen nan 540 za su sake haihuwa, tsakanin biyu zuwa huɗu daga cikinsu za su sake binne jariri. Ba duka ne za su sake haihuwa ba, don haka a rage kaɗan. Duk da haka maganar ta tashi daga sau ɗaya a shekara ɗari ta koma abin da ake sa ran gani kusan kowace shekara.

Akwai ma wani abu da aka tsallake. An zaɓi abubuwa ukun da suka rage haɗari a gidan su Clark aka sa a lissafi, amma ba a sa wanda ya ƙara shi ba: mutuwar fuju'a ta fi samun jarirai maza, kuma yaran nan biyu maza ne.

An amsa tambayar da ba ita aka yi ba

Kuskure na biyu ya fi na farko girma, ya kuma fi wuyar gani. A ce ma lambar daidai take, ɗaya cikin miliyan 73. Me ta faɗa? Ku karanta jimlolin nan biyu a hankali.

Ta ɗaya: idan uwa ba ta yi komai ba, da wuya jariranta biyu su mutu haka.

Ta biyu: idan jarirai biyu sun mutu haka, da wuya a ce uwar ba ta yi komai ba.

Kunne na jin su kamar abu ɗaya, alhali sun sha bamban. Duk limamin Juma'a namiji ne, amma in ka tare namiji a bakin titi, da wuya ka dace da limamin Juma'a. An juya jimlar, gaskiyarta ta sauya. Lambar Meadow jimla ta ɗaya take magana a kai. Abin da aka tara juri su yanke kuwa jimla ta biyu ce. Mutane da yawa, har da 'yan jarida, sun fahimci cewa yiwuwar Sally Clark ba ta da laifi ita ce ɗaya cikin miliyan 73, kuma ba wanda ya taɓa lissafa wannan.

Yaran sun riga sun mutu. Abu mai wuyar faruwa ya riga ya faru, ko ta wace hanya ce. Abin da ya rage shi ne a jera bayanan da za su iya zama dalili a auna su da juna. Jarirai biyu su yi mutuwar fuju'a a gida ɗaya abu ne mai wuya, gaskiya ne. Uwa ta kashe jariranta biyu ɗaya bayan ɗaya fa, sau nawa ake ganin haka? Shi ma abu ne mai wuyar gaske, kuma ba a gaya wa juri lambarsa ba. Da Ray Hill ya auna biyun daga alƙaluman Ingila, a binciken da ya wallafa a 2004, ya sami cewa mutuwar fuju'a sau biyu ta fi kisa sau biyu yawan faruwa, tsakanin sau huɗu da rabi zuwa sau tara. Ma'ana, in ba wata hujja sai mutuwar kanta, ma'auni ya fi rinjaya wajen rashin laifi.

Hanya mafi sauƙi ta kauce wa wannan tarko ita ce a daina magana da "kashi kaza" ko "ɗaya cikin kaza", a koma ƙirga mutane. Ga misali na ƙirƙira don gwaji. A ce an fasa wani shago da dare, ɓarawon ya yanke a hannu ya bar jini a jikin ƙofa. Aka gwada jinin, aka ce irinsa mutum ɗaya cikin 1,000 ke da shi. 'Yan sanda suka kama wani, jininsa ya dace. Mai gabatar da ƙara ya ce: "Ranka ya daɗe, yiwuwar wannan dacewa ta zo haka kawai ɗaya ce cikin dubu, don haka kashi 999 cikin 1,000 shi ne ɓarawon." Yanzu mu ƙirga. A ce garin na da maza baligai 20,000. Ɗaya cikin dubu na 20,000 mutum 20 ne. Mutum ashirin ke yawo a garin da irin wannan jini, ɗaya ne kawai ya fasa shagon. In jinin ne kaɗai hujja, yiwuwar wanda aka kama shi ne ɓarawon ɗaya ce cikin 20.

Lauyan wanda ake ƙara shi ma zai iya zamewa ta nasa ɓangaren, ya ce tunda mutum ashirin ne, gwajin jinin bai da amfani, a watsar da shi. Wannan ma ba daidai ba ne. Gwajin ya rage waɗanda ake zargi daga 20,000 zuwa 20, aiki ne babba. In aka tarar da sabon yanka a tafin hannun mutumin, aka kuma sami kayan shagon a ɗakinsa, sauran sha taran sun fita daga magana. Lamba hujja ce guda a cikin hujjoji, ana haɗa ta da sauran ne a auna.

Yadda shari'ar ta ƙare

Sally Clark ta ɗaukaka ƙara, aka kori ƙarar a watan Oktoban 2000. Alƙalan sun yarda akwai gyara a yadda aka gabatar da lambar, amma suka ce ba ita ce ginshiƙin hukuncin ba. A watan Oktoban 2001 ƙungiyar masana ƙididdiga ta Birtaniya ta fitar da sanarwa a bainar jama'a cewa lambar miliyan 73 ba ta da tushe, ta kuma bayyana kuskuren nan biyu da muka bi. Mijinta bai daina neman gaskiya ba. Daga baya aka zaƙulo sakamakon wani gwaji da aka yi wa gawar Harry tun 1998, wanda ya nuna ƙwayar cuta mai haɗari a sassan jikinsa da dama, har cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka. Likitan da ya binciki gawar, Alan Williams, ya san da wannan sakamako, bai kuma bayyana shi ga kotu ba. A watan Janairun 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, ta kuma ce bai kamata a ce an taɓa kai waccan lamba gaban juri ba.

Ta fito bayan fiye da shekara uku a kurkuku, inda sauran fursunoni ke kallonta a matsayin wadda ta kashe 'ya'yanta. Ɗanta na uku, wanda ta haifa kafin a fara shari'ar, ya yi waɗannan shekaru babu uwa a kusa. Ba ta sake komawa daidai ba. A watan Maris na 2007 aka tarar da ita ta rasu a gidanta tana da shekara 42, kuma binciken hukuma ya ce barasa ce ta yi mata yawa a jini.

Ba ita kaɗai ba ce. A wancan zamani akwai ra'ayin da ya yaɗu tsakanin wasu likitocin yara, wanda aka fi jingina wa Meadow, cewa rasuwar jariri ɗaya ƙaddara ce, ta biyu abin zargi, ta uku kuwa a ɗauke ta kisa har sai an nuna akasin haka. A watan Yunin 2003 aka wanke Trupti Patel, mai haɗa magunguna da ta rasa jarirai uku, bayan kakarta ta taso daga Indiya ta shaida wa kotu cewa ita ma biyar daga cikin 'ya'yanta goma sha biyu sun rasu suna jarirai. A watan Disamba na shekarar aka saki Angela Cannings, wadda ita ma aka ɗaure bisa irin wannan zargi. A Ostareliya, Kathleen Folbigg, wadda 'ya'yanta huɗu suka rasu, ta shafe shekaru a ɗaure kafin masana su nuna cewa 'ya'yanta mata biyu sun gaji wani lahani a ƙwayar halitta da ke iya tsayar da zuciya. An sake ta a 2023 bayan shekara ashirin a ɗaure, aka kuma soke hukuncin. A Holan, wata ma'aikaciyar jinya, Lucia de Berk, ta sha ɗaurin rai da rai a 2003 bayan an ce yiwuwar mace-mace su riƙa dacewa da lokacin aikinta haka kawai ɗaya ce cikin miliyan 342. An wanke ta a 2010.

Kada mu ɗauka wannan ciwon Turawa ne. Mu ma muna da matan da ake kira masu wabi, waɗanda suke haihuwa 'ya'yan na komawa. Sau da yawa ba a kai maganar gaban alƙali, a tsakar gida ake yanke hukunci. Sai ka ji an ce, "Haba, uku a jere? Wannan ba haka kawai ba." Daga nan a ɗora wa kishiya, ko a ce wata tsohuwa a unguwa mayya ce. Rabin maganar gaskiya ne, mai yiwuwa ba haka kawai ba ne. Amma sikila, da rashin jituwar jinin uwa da na jariri, da wasu cututtukan gado, da ruwan sha marar tsabta, duk dalilai ne da ke bin gida ɗaya su maimaita kansu. A ganina, wanda ya fahimci wannan darasi ya ji ana irin wannan zargi, nauyi ya hau kansa ya ce a fara zuwa asibiti a gwada jinin uwa da uba kafin a ɓata sunan kowa.

A asibiti da a rediyo

Juya tambaya yana faruwa kullum a wajen gwajin cuta. Ga wani misalin na ƙirƙira. A ce a cikin mutum 1,000 akwai 10 masu wata cuta. Akwai gwajin da ke kama duk mai ita, amma yana kuskure a kan mutum 5 cikin kowane 100 masu lafiya, ya nuna suna da ita. An gwada ka, an ce an gani. Yawancin mutane za su ce kashi 95 cikin 100 ka kamu. Mu ƙirga. Masu cutar 10, gwaji ya kama su duka. Masu lafiya 990, kashi biyar cikin ɗari nasu kusan mutum 50 ne. Waɗanda aka ce an gani a jikinsu sun zama 60, masu cutar na gaskiya 10. Ɗaya cikin shida ke nan. Wannan ne dalilin da ya sa a cututtuka masu nauyi, irin su cuta mai karya garkuwar jiki, ba a tsayawa a gwaji ɗaya, sai an tabbatar da wani gwajin daban. Wanda aka ce ya dawo a sake gwaji, ya daure ya dawo.

Sai kalmar "ya ninka". A watan Oktoban 1995 hukumar kula da ingancin magunguna ta Birtaniya ta yi gargaɗi cewa wasu sababbin ƙwayoyin tazarar haihuwa sun ninka haɗarin daskarewar jini a jijiya. Gaskiya ne. Amma daga nawa zuwa nawa? Daga kusan mace ɗaya cikin 7,000 zuwa biyu cikin 7,000. Mata da yawa suka tsorata suka daina sha ba tare da sun ga likita ba, kuma an ƙiyasta cewa a shekarar da ta biyo baya an sami ƙarin zubar da ciki kusan 13,000 a Ingila da Wales. Ga shi kuma ciki kansa ya fi ƙwayar kawo haɗarin daskarewar jini. Duk lokacin da kuka ji "ya ninka" ko "ya ƙaru da kashi hamsin", ku nemi lambar farko.

Wani lokacin kuma ma'aunin ne aka sauya. Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya ta ba da rashin aikin yi a kan kashi 33.3 cikin 100 a ƙarshen 2020, sannan ta ba da kashi 4.1 a farkon 2023. Ba masana'antu aka buɗe a tsakani ba. A da, wanda ke aiki ƙasa da awa 20 a mako ana lissafa shi cikin marasa aiki. A sabon tsari, wanda ya bi na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ko awa ɗaya mutum ya yi a mako don samun kuɗi ana lissafa shi mai aiki. Hukumar ta bayyana wannan sauyi a fili. Laifin yana kan wanda zai jera lambobin biyu ya ce an samu ci gaba, ko ya ce hukuma ta yi ƙarya, bai faɗi cewa mudun ne aka sauya ba. Haka aka yi da hauhawar farashi, wadda ta tashi daga kashi 34.80 a Disambar 2024 ta koma 24.48 a Janairun 2025 bayan an sabunta tsarin lissafin.

Ko ba a sauya ma'auni ba, "hauhawar farashi ta ragu" ba ta nufin kaya sun yi sauƙi. A ce mudun shinkafa naira 1,000 ne. Bara aka yi hauhawar kashi 30, ya koma 1,300. Bana hauhawar ta sauko zuwa kashi 20, ya koma 1,560. Mai karanta labarai ya faɗi gaskiya, uwargidan da ta dawo daga kasuwa tana cewa kuɗin cefane bai isa ba ita ma ta faɗi gaskiya. Gudun tashin ne ya ragu, farashin bai daina tashi ba.

Aikin yi

1. Ma'aurata AS da AS suna da yaro ɗaya SS, matar kuma tana da ciki. Surukarta ta ce mata ta kwantar da hankalinta, wannan karon ba zai zo da ita ba. Mece ce yiwuwar jaririn ya zo SS? Rubuta yadda za ka yi wa surukar bayani cikin ladabi, ba tare da ka ambaci kalmar lissafi ba.

2. A misalin shagon da aka fasa, a ce ƙauye ne mai maza baligai 2,000 maimakon 20,000. Mutum nawa ake sa ran jininsu zai dace? Me ya sauya game da ƙarfin hujjar, alhali gwajin bai sauya ba?

3. A sake lissafin gwajin asibiti, amma a ce wannan karon mutum 200 cikin 1,000 ne ke da cutar. Masu lafiya nawa gwajin zai yi kuskure a kansu? Cikin waɗanda aka ce an gani a jikinsu, nawa ne masu cutar na gaskiya?

4. Buhun masara yana naira 40,000. Farashinsa ya tashi da kashi 50 cikin 100, bayan kaka kuma ya sauka da kashi 50 cikin 100. Nawa ya koma? Me ya sa bai dawo 40,000 ba?

5. A wannan mako, kowa ya saurari labarai a rediyo ya rubuto lamba ɗaya da aka faɗa, tare da jimlar da ta zo a ciki. A zama na gaba za a raba aji gida uku, kowane rukuni ya ɗauki lambobinsa ya nemi abu uku a kan kowace: cikin mutum nawa aka ƙirga, da me aka kwatanta ta, kuma wace tambaya ce ta amsa.